Tagar da Ke Saman Gadon Jirgi

Litinin, da hantsi

An ɗan yi yayyafi jiya, irin na rani wanda ko ƙasa ba ya jiƙawa. Tankin ruwanmu bai samu komai ba, amma gadon da ke cikin jirgi ya samu rabonsa har da ƙari. Na tura ƙaramin kwalekwale na je duba jirgin mijina Rosamund, na tarar da katifa sharkaf daidai ƙarƙashin taga. Tun kafin mu tafi asibitin Grenada babu wanda ya taka jirgin nan, sai ni yau.

Ban gaya wa Osbert ba. Likita ya ce ya huta, kuma na san mijina, da ya ji zancen ruwa a jirginsa zai nemi takalmi. Ya sha rabin kofin shayi.

Dutsen kabarin Ma Philo, mahaifiyarsa, yana falo jingine da bango. Asabar ɗin bayan Ista za a kafa shi a tsibirin Petite Martinique, 'yan uwa har sun fara isowa. Osbert ya yi mata alkawari tana raye cewa shi zai haye da dutsenta da hannunsa, a jirgin katakon da ubansa ya sassaƙa, a kan gadon da take kwanciya duk lokacin da za su ƙetare. Gadon ke nan da na tarar yau.

Talata, da yamma

Kuskurena da na shanya katifar a kan shinge. Yaya Verlyn, yayar Osbert, ta hango ta tun daga kan hanya. Ta yi aikin jinya a Ingila har ta tsufa, ba abin da ke wuce idonta.

Ta ce, "Lalie, ke fa ba yarinya ba ce. Jirgin inji zai kai dutsen nan kafin ki gama ɗaura ɗankwali."

Na ce, "Ma Philo ba ta taɓa sa ƙafa a jirgin inji ba, Yaya. Cewa take warinsa na juya mata ciki."

"Dutse ne, Lalie. Ina ya ga ciki?"

"To shiga falo ki faɗa a gabanta."

Ba ta shiga ba. Ita da kullum in ta zo wucewa sai ta ɗan rusuna ta ce, "Ina kwana, Mama."

Daga ƙarshe ta ce uwarta dai ba za ta kwanta a jiƙaƙƙen gado ba. In gado ya bushe kafin Ista, a tafi da iska. In bai bushe ba, inji. Ƙofar ɗakin Osbert take kallo lokacin da take wannan magana. Na ce na yarda.

Laraba, tsakar rana

Na je wurin Cuthbert, ɗan kawun Osbert, can ƙarƙashin itatuwan bakin ruwa inda yake sassaƙa sabon jirgi. Na ari sukundireba, wuƙar kankara, da gwangwanin danƙo.

Ya ce, "Madam Kyaftin, yau kuma kafinta aka koma? Burodin fa, wa zai gasa mana?"

"Ku ci katako."

"Tagar ce kawai? Bari in zo in leƙa."

Na ce ba na so. In Cuthbert ya hau jirgin nan da safe, kafin yamma duk ƙauyenmu na Windward sun ji, iska kuma za ta kai maganar har ɗakinmu.

Na sayi babban tamfol shuɗi na lulluɓe ɗakin jirgin da rabin daɓensa, na ɗaure tamau. Yanzu ko raɓa ba za ta taɓa shi ba. Hankalina ya ɗan kwanta.

Juma'a, da hantsi

Na cire tagar. 'Yar zagayayya ce mai bakin tagulla, ana buɗe ta daga ciki. Kusoshinta sun yi kore, ɗaya ta ƙi motsi sai da na ɗiga mata man kwakwa na bar ta ta yi tunani. Tsohon danƙon ya bushe, yana ɓarewa kamar ɓawon burodin shekaranjiya.

A bayan tagullar na tarar da tsumma an cusa don cike gurbi. Rawaya ne mai ƙananan furanni. Rigata ce. Rigar da na yi ta nema shekarar da muka yi rufin kicin, har na zargi matar maƙwabci, muka yi wata guda ba ma gaisawa. Na zauna a kan gadon da ba katifa na yi ta dariya ni kaɗai, daga baya dariyar ta zama wani abu dabam, sai na tashi na ci gaba da kankara.

Na goge katakon tas, na bar shi ya sha iska, na shafa sabon danƙo, na mayar da tagar. Ban matse kusoshin gaba ɗaya ba, sai danƙon ya kama tukuna. Wannan dai na taɓa ganin Osbert yana yi.

Asabar, da yamma

Awaki sun cinye min wake. Lokacin sakin dabbobi ne, ba wanda zan yi wa faɗa.

Litinin, da safe

Na ɗage tamfol, na ɗebo guga ɗaya na kwara a saman ɗakin jirgin, na sauka da sauri na zuba ido. Na ɗan lokaci shiru. Sai ɗigo ya taru a saman bakin tagar, ya yi nauyi, ya faɗo daidai inda kan mutum zai kasance.

Na sake cire ta. Na sake komai daga farko.

Laraba, bayan abincin rana

Osbert ya kama hannuna lokacin da nake gyara masa matashi. Ya kai hanci.

"Me kike yi a bakin ruwa kullum, Lalie?"

"Fenti nake ɗan shafa wa kwalekwale."

"Fenti mai warin danƙo. Sabon yayi ne?"

"Kwanta, Kyaftin. Ba a tambaye ka ba."

Ya saki hannun. Zoben aurensa yana yawo a yatsa yanzu, na naɗa masa zare don kada ya sulale. Ya ci tuwon masara kaɗan da romon kifi.

Alhamis, tsakar rana

Har yanzu yana ɗiga. Na ce to wataƙila ba tagar ba ce, murfin ƙofar sama ne da ake zamewa a shiga ɗakin. Na yanko roba daga tsohon tiyub ɗin mota, na bi bakin murfin da ita, na buga ƙananan kusoshi. Kusurwa ɗaya ta ɗan ruɓe, na ƙwaƙule na cike. Gwiwoyina sun gaya min shekaruna.

Na kwara guga. Yau wuri biyu ya ɗiga.

Juma'a, da yamma

Ma'aikaciyar jinya ta zo. Da za ta tafi, ita da Yaya Verlyn sun daɗe a bakin ƙofar shinge suna magana ƙasa-ƙasa. Ni na tafi wanke tukwane. Tukwanen ma a wanke suke.

Lahadi, bayan coci

An raba ganyen dabino, na kawo masa nasa. Mutane suna ta tambaya, "Ya Kyaftin?" Ina cewa da sauƙi.

Na share falo, na goge ƙurar da ke kan dutsen. Na ce mata, "Ma Philo, ke ma ki taimaka mana. Ɗanki ne, jirgin mijinki ne, ni me na sani? Ni 'yar gonar kan tudu ce, kin sha faɗa min." Ta yi shiru, abin da ba ta taɓa yi min ba tana raye.

Da gaske na gaji. Kuma ina jin tsoro. Na rubuta shi ke nan, ba sai na sake ba.

Litinin, da hantsi

Na dawo daga shago na tarar gado babu kowa. Ashe ya dafa bango ya fita har ƙarshen baranda, inda ake hango ruwa ta tsakanin itatuwan mangwaro. Yana tsaye riƙe da ginshiƙi, yana kallon shuɗin tamfol ɗin can.

Bai juyo ba ya ce, "Har kin lulluɓe ni, Lalie?"

Sai a lokacin na tuna. A nan ba a rufe jirgi sai in mai shi ya gama da teku. Na sani sarai, na ga an yi wa wasu, amma ni katifa ce kawai a kaina.

Na fashe masa da komai: yayyafin, katifar, sharaɗin Yaya Verlyn, tagar da na cire sau biyu, murfin ƙofa, robar tiyub. Ya saurara har na gama. Ya zauna a kujera don ƙafafun sun ƙi.

Ya ce, "Tun yaushe rabon da a watsa masa ruwa?"

"Ruwan da nake ta fama kada ya taɓa shi?"

"Ke dai amsa min."

"Tun kafin mu tafi Grenada."

Ya rufe ido. "Tsawon zamanmu kina ganina da guga safe da yamma. Me kika ɗauka nake yi, wanka nake masa?"

"Na ɗauka gudun aikin gida kake yi."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, na kawo ruwa. Da ya samu numfashi ya ce katako in ya bushe tsukewa yake, layin da ke tsakanin allo da allo ya buɗe. Ruwan daga saman ɗakin yake shiga, ya bi gungumen rufi ya gangaro ya sauka a bakin taga. Tagar ba ta da laifi. Ruwan gishiri yake so kullum, ya kumbura ya matse kansa. Ni kuma na ɗaure shi cikin roba a tsakiyar rani na bar shi yana gasuwa.

Na ce, "To rigata rawaya fa, ita me ta yi maka?"

Ya buɗe ido ɗaya. "Wace riga?"

Litinin, da yamma

Na yaye tamfol ɗin. Na kwanta a kan gadon na kalli sama, ga haske siri-siri yana shigowa tsakanin allunan. Duk kwanakin nan a taga na kafa ido.

Cuthbert ya zo ya taya ni jawo jirgin zuwa gadar katakon da jirage ke tsayawa. Na ce masa, "Kai ma kana gani ka yi shiru?"

Ya sosa ƙeya. "Madam Kyaftin, da muka ga tamfol, mun ɗauka kin san abin da ba mu sani ba. Wa zai zo ya ce miki ki yaye?"

Ashe shi ya sa matan shago suka daina min wasa.

Talata, da sassafe

Osbert ya ce sai an kai shi. Cuthbert da wani maƙwabci suka ɗauko shi a kan kujerar falo har kan gada, yana ta yi musu faɗa wai suna karkata shi. Da aka ajiye shi ya karɓi kwalbar giyar rake, ya ɗiga kaɗan a goshin jirgin, ya bi da ruwa, don tsofaffin da suka riga mu. Sannan ya nuna min guga da haɓa.

"Daga gaba, Lalie. A'a, kwarawa kike kamar mai korar kare. Shimfiɗa shi."

"In ka iya, zo ka yi."

"Ni Kyaftin ne. Aikina magana."

Mun shimfiɗa tsofaffin buhuna a saman ɗakin muka jiƙa su don su riƙe damshi. Inda layi ya buɗe da yawa Cuthbert ya danna auduga da ɗan ƙarfensa, Osbert yana ce masa ya isa, kada ya cika, a bar wa katako wurin kumbura.

Muna cikin haka Yaya Verlyn ta iso kamar hadari.

"Ku kuna da hankali kuwa? Mutumin da aka ce ya kwanta? Osbert, in ka faɗi a nan wa zai ɗauke ka?"

"Waɗanda suka kawo ni, Yaya."

Ta dube shi, ta dube ni. Ta juya ta tafi, na ce shi ke nan mun ɓata. Can sai ga ta da lema da filas ɗin shayi. Ta tsaya a kansa riƙe da lemar, tana mita har muka gama.

Da muka koma gida ya cinye abincinsa, ya nemi ƙarin kifi.

Alhamis, da yamma

Guga da safe, guga da yamma. Kafaɗuna kamar ba nawa ba. Hasken da ke tsakanin allunan ya ragu.

Juma'a Mai Tsarki, da hantsi

Yau ba a shiga teku. Ban shiga ba, guga ce ta shiga.

Asabar, tsakar rana

Yaya Verlyn ta ce da kanta za ta gwada. Ta kawo farin zanen gado daga gidanta, ta shimfiɗa a kan katifa, ta cire takalmi ta kwanta ta harɗe hannuwa a ƙirji. Cuthbert ya leƙa ta ƙofar sama ya ce, "Yaya, kin yi kyau kamar gawa, saura kyandir."

"Kwara ruwanka, marar kunya."

Ya yi ta kwarawa har ya gaji, a kan rufi, a kan taga, a kan murfin ƙofa. Ni ina tsugune a ciki ina bin gungumen da tafin hannu. A bushe yake. Ta tashi ta shafa zanen daga sama har ƙasa, ta ɗaga shi a haske.

Ta ce a hankali, yadda na waje ba za su ji ba, "Gado ya bushe, Lalie. Shi Osbert fa?"

Na ce, "A kan gado muka yi magana, Yaya."

Ta daɗe tana ninke zanen. Sannan ta ce za ta zo da jakar magungunanta, kuma a gaba za ta zauna don ita ma ba ta son amai.

Talata, da yamma

Jiya da yau bai sauka bakin ruwa ba.

Juma'a, da yamma, a Petite Martinique

Mun iso.

Da sassafe maza huɗu suka ɗauko Ma Philo daga falo. Osbert ya ce mata, "Mama, tashi, za mu gida." Aka sauke ta a hankali ta ƙofar sama, aka kwantar da ita a gado, aka lulluɓe ta da farin zanen, aka tokare ta da matasai don kada ta zame. Cuthbert ya ja ƙyallen jirgi sama, Osbert ya zauna a baya ya kama sandar tuƙi.

Rabona da ganin fuskarsa haka tun bara. Shi ya fitar da mu ta ƙofar duwatsun murjani, yana ba Cuthbert umarni kamar wani sabon shiga. Iska daga gaba take, dole a yi ta karkata hagu da dama. Da muka fita fili ruwa ya fara tashi, yana dukan goshin jirgi yana wanke daɓen.

Wajen tsakiyar mashigin da ke tsakanin tsibiran na ga hannunsa yana rawa a kan sandar. Ya ga na gani.

Ya ce, "Cuthbert, riƙe min. Zan je in ga ko tsohuwa tana buƙatar wani abu."

Na taimaka masa ya sauka. Ya ɗan matsar da matashi ya kwanta a gefen dutsen, ya ɗora hannu a kan zanen. Igiyar ruwa ta hau rufin ta wuce ta kanmu, muka ɗaga kai tare. Ko ɗigo.

"Aikinki ya yi, Lalie."

"Aikin guga ne."

"Tagar ma ta yi. Ta fi yadda na sa ta." Sai ya miƙa hannu ya kwance maƙullin tagullar, ya buɗe ta. Feshin ruwa ya shigo ya sauka a fuskarsa da kan zanen.

Na ce, "Osbert! Tagar da na kusa mutuwa a kanta?"

"Mama ba ta damu ba, gobe ma giya da ruwa za a kwara mata." Ya lashi gishirin da ke leɓensa. "Gadon nan ya ishi mutum biyu, kin gani. In nawa dutsen ya zo, nan za ki kwantar da shi. Kada ki bari Yaya ta sa ni a inji. Kuma ki bar min tagar a buɗe."

Tun da muka dawo daga Grenada babu wanda ya faɗi maganar a fili tsakaninmu. Na ce, "To." Na zauna a ƙasa na riƙe ƙafarsa har muka ji Yaya Verlyn tana kira daga sama cewa ga mutane can cike da gada suna jiranmu.

Da ƙafarsa ya hau gadar, yana bin bayan uwarsa.

Asabar, da yamma

An kafa dutsen. An jiƙa ƙasa da giya da ruwa, an ajiye wa tsofaffin da suka riga mu kwanonsu, an yi kiɗa. Daga kan kujera ya kalli komai, ya ce wa magina dutsen ya karkata, suka gyara don su faranta masa.

Laraba, da hantsi

Muna gida. Bai tashi ba yau. Na je na watsa wa jirgin ruwa, daga gaba zuwa baya, a shimfiɗe. Da na dawo ya kama hannuna ya kai hanci, ya ji gishiri, ya koma barci.

Yaya Verlyn ta tambayi farin zanenta, na ce ban san inda ya shiga ba a cikin hidimar nan. Na wanke shi, na goge, na sa a akwatin da ke ƙarƙashin gadon jirgi. Da yamma akwai guga.